Kyalla da Simintin Baban Ummi

Ruwan farko na bana ya same ni a tsakar gida ina tsince shinkafa. Iska ce ta fara tasowa daga wajen duwatsu, ta kwashi ledoji ta yi sama da su, sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya biyo baya tun kafin ɗigo ya taɓa ni. Jikata ta fito da gudu tana kwashe shanya, tana mitar yanzu za a ɗauke wuta. Ni ban motsa ba sai da na ji awaki sun fara kuka a garke, irin kukan nan da suke yi in sun ji hadari. Kukan ne ya mayar da ni daminarmu ta farko a gidan nan, lokacin da bai kai a kira shi gida ba.

A Karmo muke haya a da, ciki da falo. Mijina Malam Ilyasu, wanda nake kira Baban Ummi, yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Shekarun nan ne bayan farar hula sun karɓi mulki, Abuja tana tashi kamar ƙullin da aka zuba wa yis. Duk inda ka duba gini ake yi, tifofi na kai da kawo da yashi, mai gadi da darakta kowa da wayarsa a hannu. Abokan aikinsa masu hali suna kama gidaje a Kado da Gwarimpa. Shi albashinsa bai kai can ba, sai ya sayi fili a bayan Jiwa wurin wani manomi, yana ɗora bulo kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Niyyarmu sai an gama, an yi shafe da fenti, sannan mu tare.

Wata safiya muka tashi muka ga an bi layinmu da jan fenti, alamar rusau. Haya a cikin gari ta yi tsadar da ba ma ko tambaya. Baban Ummi ya kwana biyu yana tunani, sannan ya ce, "Binta, ko za ki iya zama a kango?"

Na ce, "Kangon wa?"

"Namu."

"To ai ba kango ba ne, gida ne da ba a gama ba."

Haka muka tare da bazara, ni da ƙaramin ciki, 'yarmu Ummi tana shekara biyar. Ɗaki ɗaya ne kawai aka yi wa kwano, wanda aka tsara zai zama sito. A nan muka jibge gado da akwatuna da kwanuka har kusa da rufi, muka bar hanyar da mutum ɗaya zai bi a karkace. Sauran ɗakunan bango ne tsaye, in ka ɗaga kai sai sararin Allah. Babu wuta, babu famfo. Ruwa sai rafin da ke gangare. Waya kuwa ba ta samun sabis sai an hau wani suri a bayan gida, a nan za ka ga Baban Ummi tsaye da yamma, hannu ɗaya a kunne, yana cewa, "Yes sir, ina jin ka, sir."

Da labari ya kai wa Innata a ƙauyenmu na wajen Funtuwa, ba ta aiko da jaje ba. Akuya ta aiko, a bayan motar hatsi, da kaji a cikin kwando. Direban ya ce ta ce a gaya mini, wanda ya zauna a ƙauye babu dabba, zaman baƙo yake yi. Akuyar ja ce, da farin zane da ya zagaye cikinta kamar ɗamara, don haka sunanta Kyalla tun daga gida.

Baban Ummi ɗan cikin birnin Kano ne. Iyakar saninsa da dabba ragon layya, shi ma daga nesa. Ya tsaya yana kallon Kyalla, ita ma tana kallonsa tana tuƙa.

"Yanzu mu da ba mu da wurin kwana, sai a ƙaro mana baƙuwa?"

"Ba ta cin shinkafa," na ce. "Ciyawa ce abincinta, ga ta nan Allah ya shimfiɗa."

"In mutanen ofis suka zo fa?"

"Sai su gaishe ta."

Bai yi dariya ba. Kyalla kuma ba ta taimaki kanta ba. Cikin makon farko ta cinye masa gefen hular da na wanke na kifa a kan turmi. Mako na biyu ta tsinke igiya ta shiga gonar maƙwabta ta aske masarar da ta fara tsiro. Ta haka na san Mama Ladi, Bagwariya, gajera mai ƙarfi, wadda ke ɗaukar itace a kafaɗa ba a ka ba. Ta jawo Kyalla har ƙofarmu, ni kuma na fito ina shirin ba da haƙuri.

"Akuyanka ne wannan?" ta ce. "Ya ci masara na. Amma ka duba, yana da ciki. Kar ka buge shi."

Ban lura ba sai da ta faɗa. Washegari ta dawo da ɗaurin zana da sanduna, ita da mijinta Baba Danjuma suka kafa wa Kyalla rumfa a jikin bangon falo. Ni kuma na kai mata ƙwai. Daga nan muka ƙulla, har ta rasu ba mu taɓa ɓatawa ba.

Da ruwa ya zauna, rayuwarmu ta kama hanya ɗaya. In an yi sallar asuba sai in buɗe akurki, kaji su fito suna miƙa, Ummi ta watsa musu tsaki. In dama wa Kyalla dusa da ɗan kanwa, in hura wuta da itacen da ya sha raɓa, hayaƙi na sa ni hawaye kafin koko ya nuna. Baban Ummi ya saka takalman ofis a leda, ya naɗe ƙafar wando, ya bi taɓo da silifas har bakin titi. A can akwai mai shayin da ke ajiye masa buta, ya wanke ƙafa, ya sa safa, ya koma ma'aikacin gwamnati. Ni da Ummi mu gangara rafi da jarkoki, mu yanko ciyawa a hanya. Da rana aikin Ummi gadin 'yan tsaki ne, saboda shaho. Tana zaune da sanda a ƙofar ɗaki, da ta ga inuwa ta gifta sai ta kwarma ihu, kazar ta buɗe fukafukai, 'ya'yan su shige. Duk da haka shaho ya ci rabonsa, Ummi ta yi kuka kamar an yi mutuwa.

Ba zan ce mun yi yunwa ba, amma mun san ƙarshen wata. Duk abin da ya shigo bulo ne da yashi. Tuwon masara da miyar kuka, in an gaji a koma rama da ƙuli. Ƙwai shi ne namanmu. Kananzir in ya ƙare mu kwanta da wuri. Kwanon ɗakin yana yoyo ta wajen ƙusa, muna tara kwanuka a kan gado, sauro kuma kamar ana aiko shi daga rafi da sunanmu. Amma akwai daɗi. Da masara ta nuna, Mama Ladi takan turo mana ɗanya, mu gasa a bakin murhu, ruwa na dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, Ummi ta yi barci a cinyar babanta da ɓawon masara a hannu.

Shi da Kyalla dai ba su shirya ba. "Surukarki" yake ce mata. "Binta, surukarki ta shiga falo." "Binta, surukarki tana lasar bulo." In zai wuce ta sai ya tattare riga kamar mai tsallake kwata.

Cikin watan Agusta aka biya shi kuɗin hutu, bai taɓa ko sisi ba ya sayo siminti. Ranar da aka sauke buhunan ban taɓa ganin sa da fara'a haka ba. Da shi za a zuba linta, kankaren saman ƙofofi da tagogi, a ɗora rufi, ya ce in Allah ya yarda ba zan haihu a sito ba. Aka jera su a falo a kan katako, ya sayo babban tamfol ya lulluɓe, ya danne gefe-gefen da bulo. Kullum kafin ya fita sai ya leƙa, in ya dawo ma sai ya leƙa kafin ya cire hula. Magini ya ce zai zo ranar Litinin.

Ranar Asabar tun hantsi na ga Kyalla ba ta ci ba. Tana kwanciya tana tashi, tana tona ƙasa da ƙafa. Na san lokaci ya yi. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka yi tsit. Muka kora kaji akurki, muka shige ɗaki. Iskar da ta zo ba irin wadda muka saba ba ce. Muna ji ta ɗaga zanar rumfa ta yi gaba da ita, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A cikin wannan ƙara na jiyo kukan Kyalla, wani kuka mai tsawo da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Na jawo zani na rufa a ka.

"Ina za ki?" in ji Baban Ummi.

"Haihuwa take."

"Da wannan cikin za ki shiga ruwan nan? Dabba ce, Binta, su suka san yadda suke yi."

"Wannan kukan ba na lafiya ba ne."

Na fita. Na same ta kwance a taɓo, sandunan rumfar kawai suka rage a kanta. Kan ɗan ya fito da ƙafa ɗaya, ɗayar ta maƙale a ciki, harshensa a waje. Na yi ƙoƙarin tayar da ita mu shiga ɗaki, ta kasa. Gidan Mama Ladi kuma yana hayin kwari, ruwa ya riga ya cika shi. Na durƙusa, cikina ya tokare ni, hannuna ba ya kaiwa inda nake so. Ruwa na shiga idona, yana shiga hancin ɗan akuyar.

Baban Ummi ya fito ba ko hula. "Ki tashi ki shiga ɗaki. Za ki jawo wa kanki ciwo."

"In na tashi mutuwa za su yi, ita da abin da ke cikinta."

"To su mutu mana! Ke fa?"

Ban tashi ba. Ya tsaya a kaina, ruwa na zuba ta gemunsa. Ya dubi ɗaki, ya dube ni, ya dubi ƙofar falo. Sai na ga ya juya da gudu. Na ɗauka fushi ya yi. Can sai ga shi yana jan tamfol a ƙasa.

"Baban Ummi, simintin!"

"Riƙe nan," ya ce.

Ya ɗaura gefe biyu a sandunan rumfar, ya tayar da ni tsaye ya ba ni ɗaya gefen. Nan take ruwan ya koma bugun tamfol, muka samu wurin numfashi. Ya cire agogonsa ya miƙa wa Ummi da ke leƙe a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a taɓon nan inda na tashi.

"Gaya mini abin da zan yi."

Na ce Ummi ta miƙo man gyaɗa. Ya shafa a hannu. Na ce ya tura kan a hankali ya koma kaɗan, ya bi wuyan da yatsu har kafaɗa, ya nemo ƙafar da ta lanƙwashe. Fuskarsa ta yamutse kamar wanda aka ba maɗaci. Kyalla ta yi ƙara, ya zare hannu da sauri.

"Ina ji mata ciwo."

"Ciwon da take ciki ya fi wannan. Koma."

Ya koma, yana bismillah a hankali, yana yi mata magana. "Yi haƙuri. Yi haƙuri, baiwar Allah. Saura kaɗan." Hannuwana sun gaji, ruwa ya taru a tsakiyar tamfol yana neman ƙwace mini shi, ina turawa da ka yana zubewa ta gefe. Na ji ya ce, "Na same ta." Na ce ya jira sai ta yi nishi sannan ya ja, ƙasa-ƙasa. Ta yi nishi, ya ja, sai ga ɗan ya sulluɓo a cinyarsa gaba ɗaya, ba ya motsi.

"Ya mutu," ya ce.

"Share masa hanci. Murza shi da rigarka."

Ya cire rigar ya dinga murzawa. Can ɗan ya yi atishawa, ya girgiza kunne. Baban Ummi ya dube ni, bakinsa a buɗe. Ta biyun ba ta ba da wahala ba, ita da kanta ta fito, mace, ja kamar uwarta.

Sai da muka kai su ɗaki, muka kwantar da su a buhu kusa da risho, muka lallaɓo Kyalla ta biyo 'ya'yanta, sannan ya kwance tamfol ya koma falo. Na bi shi na tsaya a ƙofa. Falon ba shi da mafitar ruwa, ya cika har ya haura katakon. Buhunan sama sun jiƙe sun yi baƙi, na ƙasa suna zaune a ruwa. Ya lulluɓe su duk da haka, ya danne da bulo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba.

Da magini ya zo ranar Litinin, 'yan na tsakiya kawai aka tsira da su. Sauran kafin mako ya zagayo sun daskare, kowanne da siffar buhunsa. Baban Ummi bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ci abinci, ya tafi aiki, ya dawo, ba ya ko kallon falo. Ni kuma na kwanta zazzaɓi na kwana biyu, abin yana damuna, don na san watannin da ya yi yana tafiya a taɓo saboda buhunan nan.

Ranar da na fara tashi, na fito da sassafe zan dama dusa, sai na tarar an riga ni. Yana tsugune da kayan ofis, ya riƙe ɗan akuyar nan namiji yana saita masa baki a nono.

"Wannan raggo ne," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Ƙanwar tana ture shi. In ba a tsaya masa ba, ba zai samu ba."

"Za ka makara."

"Su jira."

A siton nan na haifi Abba, Mama Ladi ce ta karɓe shi. Ranar suna aka ɗaura tamfol a saman falo don inuwa, aka mirgino buhunan da suka zama duwatsu aka jera a jikin bango, aka shimfiɗa musu tabarmi, suka zama kujerun baƙi. Mutanen ofis suka zo, motar ɗaya ta kafe a kwari sai da samarin unguwa suka turo ta. Ina daga ɗaki ina jin wani abokinsa yana tsokanarsa, "Ilyasu, ka zama cikakken baƙauye fa. Har da awaki?"

Na kasa kunne in ji abin da zai ce. Sai na ji ya ce wa Ummi ta kamo masa ɗan akuyar.

"Ka ga wannan? Ni na karɓi haihuwarsa. Da hannun nan. Ƙafarsa ce ta maƙale." Ya ba su labarin tun daga iska har atishawa, ya ƙara gishiri inda ya ga dama. A bakinsa ruwan har gwiwa ya kai.

Da kaka ta yi, Baba Danjuma ya ce ba sai an jira siminti ba, ƙasar wurin nan tana da danƙo. Ya tara mutane aka yi mana gayya, Gwarawa da Hausawan unguwa, aka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa. Baban Ummi ya shiga kwaɓin da ƙafa, yana zamewa ana dariya. Ni da Mama Ladi muka dafa dambu da wake a manyan tukwane. Aka tayar da ɗaki ɗaya na ƙasa da garken awaki a bayan gida. A ɗakin ƙasan nan muka zauna har aka rufa babban gini, bayan damina biyu. Har yau yana nan, ya fi kowane ɗaki sanyi da bazara.

Yanzu in ka tsaya a ƙofarmu ba ka ganin rafi, ba ka ganin gonar Mama Ladi. Katanga ce ke bin katanga, da ƙarar janareta. An baje surin nan an yi shagon caji. Ciyawar da muke yanka a hanya yanzu saye muke yi. Kyalla ta tsufa ta mutu a gidan nan, don Baban Ummi ya hana a sayar da ita, amma duk awakin da ke garkenmu jininta ne. Tun da ya yi ritaya shi ne mai kula da su. Ya san wadda ba ta son harawa, ya san wadda ke satar fita.

Shekarar da ta wuce Abba ya kawo ma'aikata za su shimfiɗa wa tsakar gida bulon daɓe na intalok. Buhunan nan guda biyu sun rage a gindin mangwaro, takardar ta daɗe da ruɓewa, sun yi sumul saboda zama. Abba ya ce a fasa su a fitar.

"Ku zagaye su," in ji babansa.

"Baba, sun ɓata tsarin wurin."

"Sun girme ka. Ku zagaye su."

Aka zagaye su. Da yamma ma'aikata sun tafi, yana zaune a kan ɗaya yana ɓare wa wata 'yar akuya ɓawon ayaba, na zo na zauna a kan ɗayan. Na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita.

"Baban Ummi, ran nan da ka jawo tamfol, ni ka rufa ko Kyalla?"

Akuyar ta ja ɓawon daga hannunsa.

"Ni dai na duba falo na ga babu mai numfashi a ciki," ya ce. "Na duba waje na ga ku da yawa."

Sannan ya miƙo mini kwanon da ke gefensa. "Tashi ki ƙaro dusa, Binta. Surukanki ba su ƙoshi ba."